Kalmar "Sirri" a Fassarar Kayan Tsaro na Intanet

I. Abin da ya kawo maganar

A cikin shekarar 2021 ƙasar Hausa ta ga rufe hanyar sadarwa iri uku, ko wanne da kamanninsa. Ran 24 ga Fabrairu, kashegarin ranar da aka bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Jamhuriyar Nijar, aka yanke intanet na wayar hannu, ba a mayar ba sai bayan kamar kwana goma. Ran 5 ga Yuni Gwamnatin Nijeriya ta toshe Twitter, aka yi kwana 222 a haka, sai ran 13 ga Janairu 2022 aka buɗe. Farkon Satumba kuma aka umurci kamfanonin waya su kashe layukansu ɗungum a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ƙungiyar Access Now, wadda ke ƙidayar irin wannan rufewa, ta lissafta 182 a ƙasashe 34 cikin wannan shekara kaɗai.

A irin wannan lokaci mutane su kan ruga neman abin da zai fisshe su: manhajar VPN, ko Tor, ko Psiphon, ko Signal. Galibin waɗannan da Turanci aka rubuta su, saboda haka bayaninsu ya kan iso wa Bahaushe ta bakin mai fassara, ko a rediyo, ko a takardar wayar da kai, ko a kan fuskar wayar kanta. Cikin masu dogara da wannan bayani akwai ɗan jarida na karkara, da mai fafutukar kare haƙƙi, da matar da wani ke bibiyar wayarta, da ɗan gudun hijira. Idan kalma ta ruɗe su, hasarar ta kan kai ga kamu ko tozarci. Wannan takarda za ta duba kalma guda da irin wannan fassara ta fi jingina a kanta, watau "sirri", ta nuna cewa an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta.

II. Yadda a ke aikin, da ma'aunin da ya dace da shi

Kafin a ga laifin mai fassara ya kamata a san halin da ya ke aiki a ciki. Yawancin masu wannan aiki 'yan sa kai ne, waɗanda ƙungiyoyi irin su Localization Lab ke haɗawa da masu ƙera manhaja. A shafukan aiki irin su Transifex da Weblate a kan ba mai fassara maganar manhaja gutsure-gutsure, layi ɗaya a nan, kalma biyu a can, sau da yawa ba tare da ya ga inda za su zauna ba. Kalma guda ta Turanci tana iya zama suna, tana iya zama umurni, shi kuwa sai ya cinta. Idan tarzoma ta tashi sai gaggawa ta ƙaru a kan wannan. Haka aka gani a ƙasar Bama, watau Myanmar, bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairu 2021, sa'ad da sojoji suka toshe Facebook cikin 'yan kwanaki. Haka kuma a Iran cikin Satumba 2022, bayan rasuwar Mahsa Amini a hannun 'yan sanda, sa'ad da aka toshe WhatsApp da Instagram, jama'a suka yi dafifi zuwa ga kayan da da yawansu ba su taɓa amfani da su ba.

Fassarar labari ko waƙa a kan auna ta da daɗin harshe da kusanci ga asali. Fassarar kayan tsaro tana da ma'auni dabam, shi ne abin da mai karatu ya aikata bayan ya karanta. In ya ɓoye abin da ya kamata ya ɓoye, ya kuma san iyakar kariyar da ya samu, fassara ta yi, ko da Hausarta ba ta da armashi. In kuwa ya saki jiki inda ya kamata ya yi hattara, to, ta ɓaci, kome kyan jimlolinta. Da wannan ma'auni za a auna abin da ke tafe.

III. Kaya biyar a kan kalma ɗaya

"Sirri" kalmar aro ce daga Larabci wadda ta daɗe da zama 'yar gida. Da ya ke kowa ya san ta, ita ce ke fara zuwa bakin mai fassara, har ya zamana ana jin kalmar sirri, da lambar sirri, da saƙon sirri, da bayanan sirri, da ƙa'idojin tsare sirri. Amma a fannin tsaro abubuwan da ta ke wakilta sun sha bamban, waɗansu ma kishiyoyin juna ne wajen aiki.

Na farko shi ne mabuɗin shiga. "Kalmar sirri" ta riga ta zauna, ba wanda zai iya tashinta, kuma ta dace, gama abu ne da a ke ɓoye wa kowa. Aibinta yana wajen "kalma". Wanda aka ce wa ya zaɓi kalma, kalma ɗaya zai zaɓa, sunan ɗansa ko na garinsu, alhali kuwa shawarar masana ita ce a jera kalmomi da yawa marasa dangantaka da juna, domin tsawo shi ke wahalar da mai cinta. Inda manhaja ke neman doguwar magana, "jimlar sirri" ta fi faɗin gaskiya.

Na biyu shi ne lambobi. Sa'ad da a ke rajistar WhatsApp a kan aiko da lamba mai alƙaluma 6 ta saƙon waya, kuma sanannen abu ne a Nijeriya yadda 'yan damfara ke kiran mutum su yaudare shi ya karanto musu ita, su ƙwace asusunsa, su shiga roƙon 'yan'uwansa kuɗi da sunansa. Wannan lamba ta cancanci a kira ta ta sirri. Amma a Signal akwai wata lamba mai alƙaluma 60 wadda aikinta shi ne mutum biyu su gwada ta da juna, ido da ido ko ta wata hanya amintacciya, don su tabbata ba wanda ya shiga tsakaninsu. Idan aka kira wannan ma "lambar sirri", mai hankali zai ɓoye ta ga abokinsa, shi ke nan an rushe amfaninta. Idan kuwa ya koyi cewa ana nuna wa aboki "lambar sirri", gobe zai karanta wa ɗan damfara waccan ta farko. Ga suna ɗaya, ga umurni biyu masu karo da juna. Ta biyun "lambar gwaji" ce, ko "lambar tabbatar da juna".

Na uku shi ne juya saƙo ta hanyar lissafi yadda ba mai iya karanta shi sai mai mabuɗi. Mai son Hausa zai iya cewa ai wannan zaurance ne, kuma kamar ya yi daidai, tun da zaurance ma sauya magana ne don a ɓad da na waje. Sai dai zaurance wasa ne da duk wanda ya kasa kunne ya kan gano ƙa'idarsa, saboda haka kalmar za ta rage wa abin daraja. "Kullewa" ta fi, domin tana ta da tambayar da ya kamata mai amfani ya yi: mabuɗin yana hannun wa? A nan ne bambanci ya ke. A Signal, da WhatsApp tun Afrilu 2016, mabuɗin na hannun mai aikawa da mai karɓa kaɗai. A Telegram kuwa hira ta yau da kullum da hirar rukuni ba su da irin wannan kulli, sai hira ta musamman tsakanin mutum biyu wadda dole mutum ya buɗe ta da kansa. Har a WhatsApp ma, kwafin hira da a ke ajiyewa a rumbun Google ko Apple bai sami irin wannan kulli ba sai Oktoba 2021, sa'an nan ma sai wanda ya zaɓa. Fassarar da ta kira duk waɗannan "saƙon sirri" ta shafe abin da ya fi kome muhimmanci. "Kullalle daga hannu zuwa hannu" ya fi tsawo, amma ya raba tsakani.

Na huɗu shi ne ɓoye wanda ke magana. Kulle saƙo bai ɓoye cewa an aika shi ba. Wanda ke zaune a zaure ba ya jin abin da a ke faɗi a cikin gida, amma yana ganin wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da daɗewar da ya yi. Haka kamfanin waya da mai manhaja ke iya sanin abubuwa da dama game da wa ya yi hulɗa da wa. Ga ɗan jaridar da ke kare mai ba shi labari, wannan sani kaɗai ya isa ya tona asiri. Tor don wannan aka yi shi: ya kan bi da mutum ta tashoshi uku, ta farko ta san shi ba ta san inda za shi ba, ta ƙarshe ta san inda za shi ba ta san shi ba. Hausa tana da magana shiryayya a kan haka, ita ce "ɓad da sawu". Ba a bukatar "sirri" a nan ko kaɗan.

Na biyar shi ya fi haɗari. Manhajojin buɗe shafuka suna da wata taga wadda ba ta ajiye tarihin abin da aka duba a cikin wayar. Iyakar aikinta ke nan. Kamfanin da ya ba da intanet yana ganin inda aka je, shafin da aka ziyarta ma yana gani. Sunan da Turawa suka ba ta ya ruɗi Turawan kansu: wani bincike na 2018 da masana na Jami'ar Shikago da Jami'ar Leibniz ta Jamus suka yi da mutum 460 ya nuna da yawansu sun ɗauka tana kare su daga abubuwan da ba ta karewa, kuma a 2024 kamfanin Google ya sake rubuta gargaɗin da ke kan tasa tagar a sanadin wata ƙara da aka kai shi a Amurka. Mai fassarar da ya ce "shafin sirri" ya kwaso kuskuren asali ya ƙara masa nauyi. A nan biyayya ga asali ita ce cin amanar mai karatu. "Taga mara ajiye tarihi" ba ta yi alkawarin abin da ba za ta cika ba.

Akwai kuma inuwar da kalmar ke tafe da ita. "Bayanan sirri" a labarai shi ne abin da jami'an leƙen asiri ke tarawa, 'yar'uwarta "asiri" kuwa tana kai hankali ga tsafi da ƙungiyar asiri. Wanda aka tsayar a shingen bincike aka ga wayarsa cike da "sirri" yana da bayani mai tsawo a gabansa, ko da ya ke sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa kariyar gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya.

IV. Toshewa dabam, katsewa dabam

Abin da ya faru a 2021 ya nuna wani giɓi. Da aka toshe Twitter hanya tana nan, ƙofa ɗaya aka rufe, saboda haka VPN ya yi aiki, gama ya kan kewaya da mutum ta wata ƙasa. A Zamfara kuwa hanyar ce aka ɗauke, ba manhajar kewaye da za ta yi wani amfani, mutane sai tafiya su ke yi zuwa inda layi ya ke. Hausa ta raba waɗannan sarai: an toshe, an katse. Amma bayanin da ke yawo ya kan ce VPN yana "buɗe intanet", ya kan kuma ce yana "tsare sirri". Na farkon ƙarya ne ranar katsewa. Na biyun rabin gaskiya ne, domin abin da kamfanin waya ya daina gani mai VPN ɗin ne ke ganinsa, an dai sauya wanda aka ba amana. Fassara mai kyau za ta faɗi haka, ta kuma faɗi hukunci in akwai, gama Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umurnin a gurfanar da masu keta dokar toshewar, ko da ya ke a Yuli 2022 Kotun ECOWAS ta yanke cewa toshewar ta saɓa wa doka.

Ba ko wane misali na Turanci ne ke ƙin zama a Hausa ba. Tor yana da tashoshin shiga waɗanda ba a sa su cikin jerin da kowa ke gani ba, don mai toshewa ya kasa gane su, ana kiransu da sunan gada. Wannan ya zauna daidai, gama kowa ya san amfanin gada ranar da rafi ya kawo. Amma wata hanyar mai suna Snowflake, wadda ta taimaki mutanen Iran ƙwarai a 2022, an ɗauko sunanta daga ƙanƙara mai saukowa kamar auduga, don nuna yawan masu sa kai da saurin ɓacewarsu. Fassara wannan suna ɓata lokaci ne. A bar shi yadda ya ke, domin mai nema ya gane shi a kan waya, a bi shi da bayanin aikinsa.

V. Haruffa da jinsi

Waɗansu kurakuran daga rubutu su ke. Masu rubutu a waya da yawa su kan yar da ƙugiyar haruffa, a hira kuwa ba kome. A gargaɗi akwai kome: "an kare" da "an ƙare" ƙugiya ce kaɗai ta raba su, ɗaya na nufin an tsare, ɗaya na nufin an gama. Wanda ya fi wannan shi ne "share". A Hausa umurni ne a kawar da abu, amma haruffan nan biyar a Turanci suna nufin a rarraba wa mutane. Manhajar da aka fassara rabi aka bar rabi, kamar yadda gaggawa ke haddasawa, tana iya sa mai son kawar da hoto ya aika da shi. "Goge" ba ta da wannan tarko, ita ya kamata a tsayar.

Sa'an nan ga jinsi. Turanci yana umurtar namiji da mace da lafazi ɗaya, Hausa kuwa tana iya haka a umurni tsantsa, kamar "danna" ko "shiga", amma da an zo hani ko mallaka sai ta zaɓa: kada ka, kada ki, wayarka, wayarki. Al'adar rubutu ta saba da "ka". Mata kuwa suna cikin waɗanda suka fi bukatar kayan nan, musamman inda a ke tarayya a waya ɗaya. "Ku" na girmamawa, ko "kada a", sun ɗauke kowa ba tare da nauyi ba. Tun da kuma Hausa ta kan fi Turanci tsawo, fuskar waya kuwa ƙarama ce tana datse ƙarshen jimla, ya kamata hanin ya zo a farko, dalili ya biyo baya.

VI. Inda gyara ya ke

Ba daidai ba ne a ɗora wa 'yan sa kai dukan laifi. Mutumin da aka ba layi ɗari biyar da dare, gari na cikin tashin hankali, zai kama kalmar da ta fi kusa. Cutar tana wajen lokaci, Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kalmomin da za a yi aiki da su ranar katsewa sai an tsayar da su tun ana zaune lafiya. Injin fassara ba zai ɗauke wannan aiki ba, domin daga rubutun da ke akwai ya ke koyo, in rubutun ya cakuɗa abu biyar cikin kalma ɗaya haka zai maido su.

Hausa ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da Sashen Hausa na BBC tun 1957, duk sun sha fama da neman suna ga sabon abu, kuma kalmomin da suka rayu su ne waɗanda jama'a suka ji suka gane ba tare da an yi musu sharhi ba. Abin da a ke bukata yanzu bai kai wancan girma ba: jerin kalmomi kamar hamsin, wanda masana harshe da masana tsaro za su zauna tare su daidaita, da wakilai daga Nijeriya da Nijar, gama kalmomin aro na ɓangarorin biyu sun bambanta, ɗaya daga Turanci, ɗaya daga Faransanci. A kuma shirya shi da murya, domin da yawa cikin masu bukata da saƙon murya da rediyo su ke aiki.

Gwajin kuwa malaman kwalejojin horon malamai sun fi kowa iya shi, gama aikinsu ne auna fahimta. A ba mutum goma jimlar gargaɗi, kada a tambaye su ko Hausar ta yi daɗi. A tambaye su: wa ke iya ganin wannan saƙo? Wannan lamba, a nuna ta ko a ɓoye? In layi ya ɗauke, wannan manhaja za ta yi aiki? Jimlar da mutum uku suka amsa ta a karkace sai a sake ta, ko da wane ne ya rubuta. Da haka "sirri" za ta koma ga aikinta guda, watau abin da ba a faɗa wa kowa, sauran kayan kuma a raba wa kalmomin da Hausa ta riga ta tanada: kullewa, da ɓad da sawu, da gwaji, da gogewa. Allah ya sa a dace.